Funfunar Abinci: Yadda Zafi, Danshi da Sinadarai Ke Ciyar da Ita

Funfuna halitta ce mai rai daga dangin naman gwari. Tana yaɗuwa ne ta wasu ƙwayoyin iri da ido ba ya gani, waɗanda iska ke ɗauka. Idan suka sauka a kan abinci suka tarar da ɗumi da danshi, sai su tsiro su fitar da zare-zare zuwa cikinsa. Don haka abin da ake gani a sama ɗan kaɗan ne.

Akasarin funfuna ta fi bunƙasa tsakanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Irin wadda ke baƙanta burodi, Rhizopus stolonifer, kan rufe shi cikin 'yan kwanaki a irin wannan yanayi. Aspergillus flavus, mai kama gyaɗa da masara, ta fi jure zafi, tana girma har sama da digiri 40. Penicillium kuwa, mai launin kore, tana ci gaba da tsiro a hankali ko a cikin firij. Daskarewa na tsayar da funfuna, amma ba ta kashe ta.

Abincinta shi ne sitaci, sukari, mai da furotin. Tana fitar da sinadaran da ke narkar da su, sannan ta tsotse. Shi ya sa ƙwayar hatsi da ta fashe, ko wadda ƙwari suka huda, ta fi saurin kamuwa. Tsami ma ba ya hana ta, domin tana kama tumatir da lemo. Sai dai ba ta iya komai in babu ruwa, saboda haka ake son danshin masarar da za a adana kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari, na gyaɗa kuma kashi 7 zuwa 8.

Babban hatsarin shi ne gubar aflatoksin da Aspergillus flavus ke fitarwa, wadda ke lalata hanta har ta kai ga kansa. An gano ta ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Girki ba ya kawar da wannan guba, ko da an sarrafa gyaɗar zuwa ƙuli-ƙuli.

Kariya ita ce a shanya amfanin gona ya bushe sarai, a tsince ƙwayoyin da suka sauya launi, a jera buhuna bisa katako nesa da bango, musamman a damina. Burodin da ya yi funfuna kuwa, zubar da shi ake yi gaba ɗaya.