Mesa a Kwandon Gardi, Mesa a Ɗakin Kwana

A shekarar 2012 gwamnatin Amurka ta haramta shigo da wasu manyan macizai huɗu ƙasarta, kuma mesar Afirka, wadda manoman fadama suka sani, tana cikinsu. Dalilin shi ne abin da ya auku a dausayin Everglades na jihar Fulorida, inda mesar Bama da aka shigo da ita don kiwo ta bazu a daji, ta hayayyafa, ta cinye ƙananan dabbobi. Masu kiwo da 'yan kasuwa sun yi adawa, suna cewa laifin 'yan kaɗan ne aka ɗora wa kowa. Sai ga shi a 2013, a garin Campbellton na Kanada, wata mesar Afirka ta kuɓuce ta kashe yara biyu 'yan'uwa suna barci.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan dabba, amma ba a matsayin abar kiwon sha'awa ba. A Ikara, Maƙarfi da Kudan, yankin fadamu da gonakin rake, manomi ya san mesa ba ta da dafi: nannaɗe abin farautarta take yi, ta matse shi har ya mutu. Tana rage ɓeraye, tana kuma ɗaukar kaza ko ɗan akuya. Wanda ke ajiye ta shi ne gardi, mai wasa da macizai, wanda yawanci gadon sana'ar yake yi. Yakan buɗe kwandonsa a kasuwa, jama'a su taru, ya sayar da maganin sarar maciji. Ayarin irin waɗannan masu wasa, da kurayensu da birai da mesa, su ne mai ɗaukar hoto Pieter Hugo ya bi a 2005 da 2007.

Da doka ta zo, ta wata ƙofa ta shigo. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 wadda ta biyo bayan yarjejeniyar CITES, damuwarsu ita ce farauta da fataucin dabbobi da fatunsu. Wato a Amurka ana kare mutane da daji daga mesa, a Nijeriya kuwa mesar ake karewa daga mutane.

A nan giɓin yake. Al'ada ta tsare mesa a hannun 'yan gado, kuma idan ɓarna ta faru an san wanda za a tuhuma. Matashin da ya ga mesa a TikTok ya saya ya kai gidan haya ba shi da wannan horo, dokokin nan biyu kuma ba don maƙwabtansa aka rubuta su ba. Kafin a yi gardamar haramci, sai an fara amsa tambayar da gardawa suka amsa tun da: wa ya cancanci riƙe ta, wa kuma zai ɗauki alhaki ranar da murfin kwando ya buɗe?