Daga Garejin Valcourt Zuwa Kan Tsauni: Yadda Inji Ya Koyi Tafiya a Kan Dusar Ƙanƙara

A watan Janairun 1934, a ƙauyen Valcourt da ke lardin Kebek na ƙasar Kanada, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Yvon ya kamu da ciwon afendis, ciwon ya kuma bazu a cikinsa. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, babu halin kai shi asibiti, yaron ya rasu. Mahaifinsa, Joseph-Armand Bombardier, bakanike ne mai gareji a ƙauyen, kuma ya shafe shekaru yana ƙoƙarin ƙera motar da za ta yi tafiya a kan dusar. A ranar da ya fi bukatarta, babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya ƙera da ke iya yin wannan tafiya.

Wanda bai taɓa zama a ƙasar hunturu ba yakan ɗauka dusar ƙanƙara abu ɗaya ne, fari, mai sanyi. Amma wadda ta sauko daren jiya cikin tsananin sanyi tamkar garin alkama take, idan ka taka sai ka nutse har gwiwa ko ƙugu. Idan aka cika akwatin da ke da mita ɗaya ta kowane ɓangare da irin wannan, nauyinta ba ya wuce kilo 50 zuwa 100, alhali ruwa a akwati guda ɗin kilo 1,000 ne. Bayan ta kwana biyu, iska ta daka ta, sai ta danne ta yi tauri. Da bazara kuwa takan jiƙe ta yi nauyi, ta kai kilo 400 ko fiye, tana manne wa duk abin da ya taɓa ta kamar taɓo. Wani lokaci rana ta narkar da samanta, dare ya sake daskarar da shi, sai a samu ɓawo mai tauri a sama, ƙarƙashinsa kuma gari. Tarihin babur ɗin ƙanƙara, daga farkonsa har zuwa nau'in da ake ƙera wa masu hawa tsauni a yau, tarihi ne na fama da waɗannan bambance-bambance, domin dabarar da ta yi maganin wata dusar ita ce takan zama matsala a kan wata.

Matsalar farko ita ce nutsewa. Direban da ya taɓa ratsa rairayin Sahara ya san ana rage iskar taya don ta baje, nauyin mota ya rarrabu a kan fili mai faɗi, kuma tafin raƙumi wannan aikin yake yi. A kan dusa mai laushi rage iska ba ya isa. Tun kafin Bombardier wasu sun gwada sa'arsu. Wani Bafaranshe, Adolphe Kégresse, ya sanya wa motocin sarkin Rasha Nicholas na Biyu bel a madadin tayoyin baya. Kyaftin Robert Scott na Ingila ya tafi Antatika a 1910 da injinan ja guda uku masu sarƙa. Ɗaya ya ɓurma cikin teku lokacin da ƙanƙara ta fashe a ƙarƙashinsa ana sauke kaya, sauran biyun suka mutu a hanya tun ba a yi nisa ba. A Amurka, Virgil White ya riƙa sayar da kayan da ake ɗaura wa motar Ford Model T, alluna a gaba, sarƙa a baya, Carl Eliason kuma ya samu takardar mallakar ƙirƙira a 1927 kan wani dogon katakon zamiya mai inji da ya ƙera a jihar Wisconsin. Yawancinsu suna aiki idan dusar ta daku, su gaza idan ta yi zurfi ko ta jiƙe.

Shi kansa Bombardier ya fara ne tun yana ɗan shekara 15, a 1922, lokacin da ya ɗaura injin tsohuwar Ford a kan allunan zamiya, ya sa masa farfela a baya irin ta jirgin sama. Shi da ƙanensa Léopold suka ratsa Valcourt da shi, mahaifinsu ya ga farfela tana juyawa babu kariya, ya ba da umarnin a wargaza abin nan take. Ina ganin uban yana da gaskiya.

Abin da ya gano bayan rasuwar ɗansa ƙaramin abu ne a ido. Dusar Kebek takan zo da danshi, tana cushewa tsakanin sarƙa da ƙarfen da ke juya ta, ta daskare, har sarƙar ta ɓalle ko ta tsinke. A 1935 ya ƙera gargare mai haƙora, kwatankwacin wanda ke jan sarƙar keke, ya lulluɓe shi da roba, ya haɗa shi da bel biyu na roba da aka ɗaure da sandunan ƙarfe a gicciye. Ramukan da ke tsakanin sandunan suna barin dusa ta zube, robar kuma tana shanye girgiza. Ya samu takardar mallaka a 1937, ya kuma fito da motar B7 mai ɗaukar mutum bakwai. Masu sayenta na farko likitocin karkara ne, da likitocin dabbobi, da limaman coci, wato mutanen da ake kira cikin dare ba tare da la'akari da halin hanya ba. B12 mai ɗaukar mutum goma sha biyu ta biyo baya, tana kai yara makaranta, tana ɗaukar wasiƙu da marasa lafiya.

Sai ga shi a ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin Kebek ta ɗauki nauyin share dusa daga hanyoyin karkara. Abin alheri ne ga jama'a, amma cinikin Bombardier ya faɗi warwas, tunda duk inda aka share hanya mota ta yau da kullum ta wadatar. Wannan ne ya tura shi zuwa wuraren da babu hanya sam. Ya yi wa masu aikin katako da masu haƙar ma'adinai tarakta mai suna Muskeg a 1953, sannan, da aka fara samun ƙananan injina marasa nauyi, ɗansa Germain kuma ya ƙera bel ɗin roba guda ɗaya mai faɗi wanda ba shi da mahaɗi, sai aka samu Ski-Doo a 1959: alluna biyu a gaba, bel ɗaya a baya, mutum ya hau kamar babur. Ana ba da labarin cewa Ski-Dog aka so a kira shi, don zai maye gurbin karnukan da ke jan kaya a arewa, kuskuren ɗab'i ya sauya sunan. Nauyin da wannan inji ke ɗora wa kowane taƙi na dusa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙafar mutum ke ɗorawa ba, shi ya sa yake wucewa ta inda mai tafiya a ƙasa zai nutse.

Bombardier ya rasu a 1964, bai ga yadda abin ya zama wasa ba. A 1968 ayarin Ralph Plaisted ya isa ƙuryar arewacin duniya a kan Ski-Doo. Zuwa 1971 kamfanoni sama da ɗari ne ke ƙera irinsa, ana sayar da kusan rabin miliyan a shekara, kafin tsadar man fetur ta 1973 da wasu shekaru na ƙarancin dusa su share mafi yawansu. Waɗanda suka rage sun mai da hankali kan shimfiɗaɗɗun hanyoyin da ake dannewa da inji a Kebek, Ontario, Minnesota da Wisconsin. Babur na irin wannan hanya yana da gajeren bel, gajerun haƙora, da tazara mai faɗi tsakanin allunan gaba don kada ya kife a kwana.

Mutanen yammacin nahiyar, mazauna tsaunukan Rocky, ba su ga amfanin wannan ba. Dusarsu busasshiya ce, mai zurfin da ya kai mita biyu ko fiye, kuma tana kan gangare. Babur ɗin hanya idan ya shiga cikinta, bel ɗinsa yakan yi ta juyawa a wuri ɗaya yana tona rami har gindin injin ya zauna, sai an ɗauko shebur. Ga kuma matsalar iska: kowace mita 300 da aka hau, inji yana rasa kimanin kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa, don iskar da yake shaƙa ta yi ƙaranci. A tsayin mita 3,000 ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku. Shekaru da dama mahaya da kansu suke gyara abinsu a gareji, suna ƙara tsawon bel, suna ɗaura masa haƙoran roba, suna sauya ma'aunin kafireto. Sai da samfurin 1994 kamfanin ya fito da Ski-Doo Summit, wanda aka ƙera musamman don tsauni, da bel mai zagayen inci 136 da na'urar da ke daidaita mai gwargwadon tsayin wuri. Polaris ya biyo da nasa mai suna RMK, gasa ta kankama.

Daga nan komai ya riƙa tafiya ta fuska ɗaya. Bel ya ƙaru zuwa inci 154, 165, har 175, wato sama da mita huɗu idan aka warware shi. Haƙoransa suka kai inci uku, suna kwasar dusa kamar yadda filafili ke kwasar ruwa. Aka matse tazarar allunan gaba, aka rage nauyi, aka ɗaga hannun tuƙi domin mahayi a tsaye yake yini. A 2020 aka fara sayar da Summit mai turbo daga masana'anta, wanda ke tura ƙarin iska cikin inji don ya riƙe ƙarfinsa na doki kusan 165 ko da an yi sama.

A cikin sabuwar dusa mai zurfi, wannan babur ba ya tafiya kamar abin hawa na ƙasa. Yana yawo ne a kanta kamar kwalekwale, kuma juya hannun tuƙi kaɗai ba ya sauya masa hanya. Mahayi yakan karkatar da shi gefe ɗaya da nauyin jikinsa, ya ɗaga allo ɗaya sama, ya bar gefen bel ya yanki dusar. Gudu shi ne abin da ke riƙe shi a sama. Wanda ya tsorata ya saki mai a tsakiyar hawa, nan take zai nutse. Da sanyin safiyar bazara, lokacin da dusar ta daskare ta yi ƙarfi, haƙoran suna samun abin kamawa, har sabon shiga ma yakan hau inda ba zai iya ba a tsakiyar hunturu. Da rana ta take, wannan dusar ta koma ruɓaɓɓiya mai nauyi, tana janye allo ba zato. Mai ɓawo ta fi kowace ban haushi, don allo ɗaya yakan fasa ɓawon ya maƙale yayin da ɗayan ke zamewa a sama.

Abin mamaki, inda ya fi shan wahala shi ne a kan dannanniyar hanya, wadda ta fi sauƙi ga sauran. Lagireton yawancin irin waɗannan babura yana ƙarƙashin wurin zama ne, kuma dusar da bel ke watsawa ita ce ke sanyaya shi. Ita ce kuma ke zame wa bel ɗin man shafawa a inda yake gogar ƙarfen da ke riƙe da shi. A kan hanya mai tauri babu dusar da za a watsa, sai inji ya yi zafi, robar ta fara narkewa, dogayen haƙoran su lanƙwashe ko su yage. Maganin da aka samo wasu 'yan ƙarafa ne masu lanƙwasa da ake saukewa su riƙa kartar hanya suna tayar da ƙurar ƙanƙara. Injin da ya kai farashin ƙaramar mota, sai da taimakon ƙarfe mai kartar ƙasa yake isa gindin tsaunin da aka ƙera shi dominsa.

Akwai kuma wata dusa da babu tsawon bel ɗin da ke maganinta. Idan aka yi kwanaki ana tsananin sanyi ba tare da sabuwa ta sauko ba, ƙwayoyin da ke kwance sukan sauya siffa su koma kamar sukari, ba sa manne wa juna. Sabuwar dusa ta zo ta rufe su, iska ta danne ta ta zama faifai guda mai nauyi, zaune a kan abin da ba zai iya riƙe shi ba. Daga sama ba a ganin komai sai fari mai kyau. A gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, nauyin babur da mahayinsa ya isa ya karya wannan shimfiɗa ta ƙasa, sai faifan gaba ɗaya ya zaftare. Kuma wannan shi ne daidai gangaren da babur ɗin zamani ya buɗe wa mutane. Wurin da a da ƙwararren mai hawa tsauni ke kwana biyu kafin ya kai, yanzu ana isa cikin awa guda, har aka ƙirƙiro wasan gasa na ganin wa zai bar alamar bel ɗinsa mafi nisa a jikin gangare kafin ya juyo.

A ranar 28 ga Disamba, 2008, kusa da Fernie a lardin British Columbia, dusa ta zaftare kan wasu mahaya. Wasu suka zo ceto, ana cikin tono wata ta sake zaftarowa ta rufe su duka. Cikin mutum goma sha ɗaya, takwas suka mutu, dukkansu daga ƙaramin garin Sparwood. A watan Maris na 2010, a tsaunin Boulder kusa da Revelstoke, wata zaftarewar ta auka wa taron 'yan kallo da suka tsaya a gindin gangare, mutum biyu suka mutu, kimanin talatin suka jikkata.

Bayan waɗannan ne hukumar lura da zaftarewar dusa ta Kanada, mai hedikwata a Revelstoke, ta ƙara mai da hankali kan masu babur, waɗanda a da aka fi mantawa da su ana kula da masu zamiya da ƙafa. Tana fitar da sanarwa kullum a lokacin hunturu, mai matakan haɗari biyar. Mahayin da ya san abin da yake yi yana ɗaukar na'urar da ke aika sigina idan ya binnu, da dogon sandan bincike, da shebur, wasu har da jakar baya mai kumbura da iska, domin wanda dusa ta rufe damar fito da shi da rai tana raguwa sosai bayan kimanin minti 15. A darussan da ake koya musu, ana sa su kashe inji, su tona rami a dusar, su bi bangonsa da yatsa daga sama zuwa ƙasa suna neman inda shimfiɗar sukarin take.