Wanda Ya Ji Ya Faɗa: Yadda Masu Rediyon Sha'awa Suka Koyi Raba Labari

Duk wanda ya taɓa sauraron BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango ya san yadda murya kan fito tangaram da magariba, can an jima ta dusashe. Dalili kuwa shi ne saƙon yakan haura sararin samaniya, ya ci karo da wata shimfiɗar iska mai caji, sannan ya faɗo wata nahiya. Hasken rana ne ke juya wannan shimfiɗa, don haka hanyar da ta buɗe yanzu tana iya rufewa cikin 'yan mintuna.

Wannan shi ne tushen wahalar masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke da lasisin aika saƙo daga tashoshin da suka kafa a gida. Farautar tashar nesa, wadda suke kira DX, ta ƙara armashi tun 1937, lokacin da ƙungiyar ARRL ta Amurka ta fara ba da shaidar DXCC ga wanda ya tuntuɓi ƙasashe 100. A yau jerin ya kai yankuna 340, har da tsibirin Bouvet da ba kowa a cikinsa. Idan wata tawaga ta sauka can na 'yan kwanaki, wanda bai ji labari da wuri ba sai ya jira shekaru.

Da farko, labari ta gidan waya yake zuwa, cikin takardun mako-mako, ya iso bayan tashar ta naɗe kayanta. Sai abokai suka koma buga wa juna tarho, daga baya suka keɓe tashoshi a zangon mita 2 inda ake shelar abin da aka ji. Amma shelar ba ta wuce gari guda, kuma wanda ba ya kusa da akwatinsa ta wuce shi.

A shekarun 1980 Dick Newell, mai lambar kira AK1A, ya rubuta manhajar PacketCluster. Kwamfutoci suka riƙa miƙa wa juna rubutu ta rediyo, cibiya zuwa cibiya. Rahoton layi ɗaya ne tak: wanda ya ji, inda ya ji a kan zango, lambar tashar, ɗan bayani, da lokaci bisa agogon GMT. Da intanet ta zo, cibiyoyin suka haɗe duniya. A 1998 wasu 'yan Finland suka buɗe DX Summit. A 2008 manhajar CW Skimmer ta Alex Shovkoplyas ta fara karanta saƙonnin Morse da kanta, daga nan tsarin Reverse Beacon Network ya sa na'urori suna aika rahoto dare da rana ba da hannun mutum ba.

Sauƙin bai zo kyauta ba. Layi ɗaya kan tara ɗaruruwan masu kira a wuri guda, har muryar da ake nema ta nutse. Idan mai rahoton farko ya kuskure harafi ɗaya, waɗanda ba su saurara da kansu ba sai su rubuta kuskuren a kundinsu. Shi ya sa manyan gasanni irin su CQ World Wide suka ware rukuni dabam ga masu dogaro da rahotanni.

Gardamar ba ta mutu ba. Tsofaffin hannu suna ganin ƙwarewar ita ce haƙurin murɗa akwati har ka tsinci murya cikin shuu. Sai dai tsarin da suke zargi ma a kan kunne ya tsaya: kafin dubu su ga layin, sai wani ya fara ji, ya kuma yarda ya faɗa, alhali ya san faɗin zai ƙara masa abokan takara.