Yamai zuwa Tawa a jirgin sama: nisa, lokaci da lissafin matafiyin Filinge

Tsakanin filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Diori Hamani da ke Yamai da filin jirgin saman Tawa akwai kimanin kilomita 370 a miƙe. A tikiti ana rubuta na Yamai da NIM, na Tawa kuma THZ. Jirgi mai farfela, irin wanda aka fi amfani da shi a zirga-zirgar cikin gida a Nijar, yana gudun kilomita 450 zuwa 500 a awa, don haka tafiyar kan ɗauki kusan awa guda, har da tashi da sauka. A lokacin hunturu ƙura da hazo na iya jinkirta tashi ko saukar jirgi.

A mota nisan ya fi haka sosai. Hanyar da motocin fasinja suka saba bi ita ce RN1, ta Dosso da Dogonduci da Birnin Konni, sannan a ratse arewa a Tsarnawa. Wannan zagaye ya kai kusan kilomita 550, kuma yakan ci awa takwas ko fiye.

Ga mutanen Kurfai lissafin ya sha bamban. Filinge tana cikin kwarin Dallol Bosso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai a kan hanyar RN25 da ta bi ta Baleyara. Babu jirgin fasinja da ke sauka a garin. Idan aka ja layi a taswira daga Yamai zuwa Tawa, yana wucewa ne kudu da Filinge, alhali Filinge zuwa Tawa a miƙe bai wuce kilomita 220 ba.

Ke nan wanda ya tashi daga Filinge yana son shiga jirgi zuwa Tawa sai ya fara komawa baya. Zai yi kimanin awa uku a mota zuwa Yamai, ya isa filin jirgi awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi saboda awon kaya da binciken takardu, sannan ya yi awa guda a sama. Jimilla awa shida ke nan da kilomita 550, idan an dace akwai jirgi a ranar. Jiragen UNHAS na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke zuwa Tawa na ma'aikatan agaji ne, ba a sayar wa kowa da tikitinsu.

Gajeriyar hanya ita ce ci gaban RN25 zuwa gabas, ta Sanam da Tebaram. Sai dai yankin yana fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma tun 2017 wasu sassan jihohin Tillaberi da Tawa suke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Shi ya sa mai kai maras lafiya ko ɗan kasuwa kan zaɓi dogon zagaye.

Kafin a kama hanya, yana da kyau a tabbatar da ranar tashin jirgi tun daga Filinge, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon.