Zamba: Satar da Ba ta Fasa Ƙofa

Bahaushe bai taɓa haɗa ɓarawo da mazambaci a kwando ɗaya ba. Ɓarawo yakan haura katanga da dare. Mazambaci kuwa da rana yake zuwa, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, mai kuɗi ya miƙa masa da hannunsa. Shi ya sa ake cewa zamba cikin aminci, gama in babu yarda, zamba ba ta da wurin shiga.

A birnin Abijan kalmar tana da nauyi. Bayan an buɗe mashigin Vridi a 1950, jiragen ruwa suka fara shigowa, Hausawa daga Nijar da Nijeriya suka ƙaru a Treichville da Adjamé. Waɗansu suka kama cinikin goro, wanda babbar kasuwarsa take Anyama. Waɗansu suka shiga sayar da garin rogo da soyayyen kifi, har abincin ya ci sunan Garba. Yawancin wannan ciniki da baki ake ƙulla shi, ba takarda. Baƙo yakan sauka wurin maigida, ya ba shi ajiyar kuɗinsa, dillali ya karɓi kaya bashi. Wanda ya ci ajiya fa ba mutum ɗaya ya cuta ba. Labarinsa yakan riga shi isa Maraɗi, a daina ba 'yan garinsu bashi.

Akwai 'yan'uwan kalmar. Almundahana ta mai riƙe da littafin kuɗi ce, ko na gwamnati ko na ƙungiya. Damfara kuwa ta mai romon baka ce, wanda a Nijeriya ake kira ɗan 419, da lambar sashen dokar da ta hana ta.

Bayan shekara ta 2000, samarin Abijan masu yaudarar Turawa ta intanet suka sami sunan "brouteur", wato mai kiwo, kamar tunkiyar da take cin ciyawa ba ta yi noma ba. A 2013 ƙasar ta kafa dokar hukunta su. A ganina kiran wannan zamba bai zauna daidai ba, damfara ce. Yaron bai taɓa cin tuwo da wanda ya cuta ba, ko fuskarsa ta gaskiya bai nuna masa ba.