Adalci a Awon Saurin Rumbun Bayanai: Sharuɗɗan Gwaji da Yanayin Aiki a Sandamu

Rumbun bayanai manhaja ce mai adana bayanai cikin tsari, ta fito da su idan an tambaye ta, galibi da harshen SQL. Awon saurinsa shi ne a jefa wa manhajoji biyu ko fiye tambayoyi iri ɗaya, a lissafa lokacin da kowacce ta ci kafin ta amsa. A faɗe abin da sauƙi, amma sakamako yakan karkata ga wanda ya shirya gwajin, ko da bai yi nufin maguɗi ba.

Matsalar ta daɗe. A 1983 David DeWitt da abokan aikinsa na Jami'ar Wisconsin a Amurka suka fitar da ma'aunin da ya gwada rumbuna da dama. Sakamakon bai yi wa kamfanin Oracle daɗi ba, daga nan aka soma sanya sharaɗi a lasisin wasu manhajoji cewa ba a buga sakamakon gwaji sai da izini. A 1988 aka kafa majalisar TPC don a samu mudu ɗaya da kowa zai auna da shi. Ita ta fitar da TPC-C a 1992 don hada-hadar yau da kullum, da TPC-H a 1999 mai tambayoyi 22 na nazari. Duk da haka, a 2018 masu bincike na cibiyar CWI da ke Amsterdam sun nuna yadda ƙananan zaɓuɓɓuka wajen saiti ke iya juya sakamako, na baya ya koma gaba.

Sharaɗin farko shi ne daidaiton kulawa. Misali, PostgreSQL na zuwa da megabait 128 kacal a matsayin ma'ajiyar wucin-gadi, alhali takardunsa sun ba da shawarar a ware kusan kwata na ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wanda ya gyara saitin manhajar da ya saba da ita, ya bar ta abokin hamayya yadda ta zo daga masana'anta, ƙwarewarsa ya auna, ba manhajojin ba. Haka batun fihirisa, wato jerin da ke hanzarta nemo bayanai: a gina wa kowa ko a hana kowa, a kuma rubuta lokacin da ginin ya ci. Sai tabbatar da amsa, domin saurin da ya kawo amsar da ba daidai ba ba ya cikin lissafi.

Inda aka fi yin sake shi ne yanayin wurin aiki. Sandamu, ɗaya daga ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura tare da Daura, Mai'adua, Zango da Ɓaure, ta isa misali. Cibiyoyin lafiya na matakin farko suna cike fom ɗin rahoton wata, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar da alƙaluman cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke rayawa, wadda ke zaune a kan PostgreSQL. Rumbun yana nesa, ana isa gare shi ta intanet ɗin waya. Abin da jami'in ke jira a gaban kwamfuta ya haɗa lokacin rumbun da lokacin tafiyar saƙo, saboda haka dole a auna su daban-daban, in ba haka ba laifin layi ya faɗa kan manhaja.

Ga rumbun da aka ajiye a kwamfutar ofis kuwa, wuta ce babbar magana. Tambayar da aka maimaita tana amsuwa da sauri saboda bayanan sun riga sun hau ƙwaƙwalwa. Da an ɗauke wuta sai a koma karanto su daga faifai. A wurin da ake tashi daga wutar kamfanin KEDCO zuwa janareto ko sola, gudun farko bayan kunnawa shi ne ruwan dare, don haka rahoton da ya kawo gudun maimaici kaɗai ya ɓoye rabin labari. Zafin bazara ma na sa kwamfuta ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Maganinsa a riƙa karɓa-karɓa tsakanin manhajojin, kada ɗaya ta sami sanyin safiya, ɗayar ta sha zafin azahar.

Akwai kuma siffar bayanan. TPC-H na rarraba ƙimomi kusan daidai wa daida, rajistar mutane a ƙasar Hausa kuwa ba haka take ba. Muhammad, Abubakar, Fatima da A'isha sun mamaye shafuka, suna ɗaya kuma yana zuwa da rubutu iri-iri: Muhammad, Muhammadu, Mohammed. Fihirisar suna da ta yi abin kirki a bayanan ƙirƙira tana iya zama ba ta rage komai ba a nan. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna buƙatar tsarin UTF-8 da ƙa'idar jeri ɗaya a duk manhajojin, domin ƙa'idar jeri na shafar saurin kwatanta kalmomi. Bayanan gwaji sai a ƙirƙira su da wannan karkata, ba a ɗebo na marasa lafiya na gaskiya ba.

Wajen rahoto, matsakaicin lokaci shi kaɗai yana ruɗi, tunda gudu ɗaya mai jinkiri kan ja shi. Ya fi dacewa a ba da lokacin tsakiya da lokacin da kashi 95 cikin 100 na tambayoyi ba su wuce ba, tare da sigar kowace manhaja, nau'in kwamfuta, fayil ɗin saiti da rubutun tambayoyin, yadda ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura zai iya sake gwajin a kan tasa na'urar.