Ina Suke Yanzu? Waiwaye Kan Tsofaffin Ɗaliban Wusasa



Kowace shekara idan an gama girbi, riɗi ya shiga buhu, Kirsimeti ta matso, majami'unmu daga Dingaya zuwa Gwaram da Birnin Kudu sukan cika da fuskokin da muka daɗe ba mu gani ba. 'Ya'yanmu ne da suka tafi jami'a a Zariya, ko Kano, ko Dutse, ko Jos. Da an tashi sujada sai a tsaya a inuwa ana tambayar juna. Ina wane? An ce ya sami aikin banki a Abuja. Wance fa? Ta gama hidimar ƙasa, ta yi aure, har da goyo. Wane kuwa shekara huɗu ke nan yana yawo da takardunsa a jaka, shiru. Wanda abu ya yi wa kyau yakan ɗaga murya. Wanda bai samu ba yakan sulale gida kafin a gama gaisawa. Mun san wasu da suka daina zuwa gida hutu saboda gudun wannan tambaya.

Wannan abu yana damunmu, domin yana nuna da wane mudu muke auna 'ya'yanmu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Bari mu waiwaya ga rukunin farko na Hausawa masu bi da suka yi karatu mai zurfi, wato ɗaliban makarantar mishan ta Zariya da Wusasa, mu ga yadda labarinsu ya fara da inda ya ƙare.

Tushen labarin yana kusa da mu

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Karatunsa ya kai shi ga girmama Annabi Isa ƙwarai, har ya tara almajirai a kan wannan koyarwa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi aka yanke masa hukuncin kisa. Almajiransa suka watse, wasunsu suka nufi duwatsun Ningi, waɗanda suke kudu da Birnin Kudu, tafiya kaɗan daga inda muke zaune. Su ne aka sani da suna Isawa. Labarin da zuriyarsu suka riƙe shi ne, malaminsu ya bar musu wasiyya su jira waɗanda za su zo da cikakken bayani game da Isa.

A 1900 wata ƙaramar tawagar mishan ta CMS ta iso Kano ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Cikinsu akwai wani saurayin likita ɗan Ingila, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin fatake da mahajjata. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ce su fita. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. A 1905 Likita Mila, kamar yadda Zazzagawa suka riƙa kiransa, ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin shan magani, ya kuma tara 'yan yara a gidansa yana koya musu karatu.

A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka tattaro iyalansu suka zauna, ana noma ana koyon Littafi, tare da wani mai bishara baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Amma wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa, dole aka tashi daga wurin. Yaran da suka tsira, da yawansu marayu, aka kai su makarantar Mila a Zariya.

Mu tsaya nan kaɗan. Kafin a sami likita ko farfesa ko minista, an sami iyayen da suka bar gonakinsu da danginsu saboda abin da suka gaskata, aka binne su a wani ƙauye da ya zama kufai. Ba wanda ya rubuta labarin ci gabansu. Amma duk takardar shaidar da jikokinsu suka karɓa daga baya, akwai guminsu a cikinta.

Daga birni zuwa Wusasa

Gwamnatin Turawa ba ta taɓa sakin jiki da zaman mishan a cikin birnin sarki ba. Bayan doguwar ja-in-ja, a 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, bayan ganuwa, kusa da dutsen Kufena. Nan aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, wadda har yau tana tsaye. Aka yi makaranta, aka yi asibitin St. Luke. Shi kuwa Mila ya duƙufa kan fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wusasa ba ta taɓa zama babban gari ba. Duk da haka, ga labarin wasu daga cikin waɗanda suka zauna a kan bencinta.

Russell Barau Dikko an haife shi a 1912. Daga makarantar mishan ya wuce King's College a Legas, daga nan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya. Ya shiga aikin gwamnati a 1940, ya yi ta hawa har ya zama babban sakatare a ma'aikatar lafiya ta Jihar Arewa. Lokacin da 'yan bokon Arewa suka haɗu suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, tare da su Abubakar Imam da Malam Aminu Kano, shi suka zaɓa shugaba a 1949. Ku lura da wannan: taron da kusan dukansa Musulmi ne ya ɗora Kirista a gaba, domin sun san shi, sun ga aikinsa. Daga 1967 ya riƙe kwamishinan tarayya mai kula da ma'adinai da wutar lantarki. Ya rasu a 1977. Asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna sunansa yake ɗauke da shi.

John Tafida Wusasa ya bi ta hanyar alƙalami. Shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi a shekarun 1930, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko. Yaran makaranta Musulmi da Kirista sun karanta shi shekara da shekaru, da yawansu ba su ma san marubucin mai bi ne ba. Harshen nasa ne, ya kuma yi masa hidima.

Ishaya Audu an haife shi a Anchau a 1927. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, ma'aikacin ikilisiya ne daga zuriyar Isawan nan da muka ambata. Ya yi Wusasa, ya yi Yaba da Ibadan, ya kammala karatun likita a Landan, ya ƙware a kan cututtukan yara. Ya zama likitan Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. A 1966 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan kujera, ya zauna a kanta har 1975. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Nnamdi Azikiwe, daga baya ya zama ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Da sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983, yana cikin waɗanda aka tsare. Da ya fito sai ya koma Samaru, yana duba marasa lafiya a ƙaramin asibitinsa, yana kuma wa'azin bishara, har ya rasu a 2005.

Yakubu Gowon ɗan ƙabilar Angas ne, an haife shi a 1934 a ƙasar Filato, amma a Wusasa ya tashi, domin aikin bishara ya kawo mahaifinsa can. Ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana da shekara 31, ya ja ragamar ƙasar cikin yaƙin basasar da ya ci rayuka masu yawan gaske. Tarihi yana nan yana auna mulkinsa, da abin yabo da abin zargi. A 1970 ya zaɓi sulhu a maimakon ramuwa. A 1973 gwamnatinsa ta kafa hidimar ƙasa, wadda yawancinku kuka yi ko kuke jira. A Yulin 1975, yana taro a Kampala, aka hamɓarar da shi. Me ya yi? Ya tafi Jami'ar Warwick a Ingila ya zauna a aji tare da yara sa'annin ƙannensa, ya yi karatu har ya sami digirin dakta. Daga baya ya kafa ƙungiyar addu'a ta Nigeria Prays.

Abin da jerin sunaye ba ya nunawa

Da a ce waɗannan mutane suna aiko da labarinsu gida kowace Kirsimeti, da shekarun ba su yi kama da juna ba. Labarin Ishaya Audu na 1970 shi ne shugaban jami'a mafi girma a Arewa. Na 1984 kuwa, yana tsare. Labarin Gowon na 1974 shi ne shugaban ƙasa. Na 1976, ɗalibi mai bin layin abinci. Wanda ya auna su da mudun shekara guda, ya yi kuskure sau biyu. Saboda haka, ɗan'uwa da kake ɓoye fuska domin aiki bai samu ba tukuna, shekara guda kake ciki, littafinka bai rufe ba. Kai ma da ka iso da sabuwar mota, haka abin yake.

Abu na biyu, kusan duk hidimar da aka tuna su da ita, sun yi ta ne ga kowa da kowa. Yaran da Ishaya Audu ya duba, da ɗaliban da suka cika jami'arsa, yawancinsu ba 'yan ikilisiyarsa ba ne. Mu ma tsiraru ne a Jigawa, kamar yadda Wusasa take tsiraru a Zazzau. Wani lokaci zama tsiraru yakan sa mutum ya ƙudundune, ya ce iliminsa na mutanensa ne kaɗai, ko ya tattara ya gudu inda ya fi sauƙi. Waɗancan sun bi sawun Yusufu a Masar da Daniyel a Babila, suka yi aiki da aminci a tsakiyar maƙwabtansu har aka amince musu da manyan amanoni, ba tare da sun sayar da bangaskiyarsu ba.

Abu na uku, sunaye huɗu muka kawo, dukansu maza, dukansu manya. Amma Wusasa ta yaye malaman firamare, da masu ba da magani, da ungozomomi da nas-nas mata da suka karɓi haihuwa cikin dare a garuruwan Arewa, da matan da suka riƙe gidaje suka tarbiyyantar da 'ya'ya cikin tsoron Allah. Babu asibiti ko titi mai sunansu. Ko makarantun mishan ma sun fita daga hannun ikilisiya a shekarun 1970, lokacin da gwamnatoci suka karɓe su, har kwalejin St. Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Suna ya canja, amma abin da aka zuba cikin mutane ya tafi tare da su. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Akwai kuma gargaɗi a cikin tarihin. Ilimi yakan ɗauke mutum daga ƙauye ya kai shi birni, kuma ba kowa ke waiwayowa ba. Wannan jarabar ta sami 'ya'yan Wusasa, tana kuma samunmu yau. A Luka sura 17, mutum goma Ubangiji ya warkar, ɗaya ne ya komo ya yi godiya. A Luka 12:48 kuma an tuna mana cewa gwargwadon abin da aka danƙa wa mutum, gwargwadon abin da za a nema a hannunsa.

Mu sake tambayar

Yawancinku da kuka shiga jami'a, an sayar da akuya ko buhun riɗi kafin a biya kuɗin rajista. Akwai uwar da ta yi adashe, akwai ƙanen da ya haƙura da tasa makarantar, akwai zumuntar mata da ta haɗa kuɗin mota. Waɗannan su ne mutanen Giminku. Idan za ku ba da labarin inda kuka kai, ku fara da sunayensu.

Mu kuma da muke gida, bari mu ƙara wasu tambayoyi a kan waɗanda muka saba. Bayan mun tambayi aiki da aure da 'ya'ya, waɗanda duk kyauta ce daga Allah, mu tambayi wane yaro ne kake koya wa lissafi a wannan hutu, wa ka cika wa fom ɗin JAMB, yaya zumuncinka da Ubangiji a garin da kake, kuma me maƙwabcinka Musulmi zai faɗa game da amanarka a wurin aiki. Waɗannan tambayoyi mai albashi da marar albashi duk suna da amsarsu. Wanda yake zaune a gida da digiri yana koyar da yara a makarantar Lahadi, yana taya mahaifinsa noma, yana da labarin da ya isa a faɗa a gaban jama'a da kai a ɗage.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka riga mu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka ƙarfafa 'ya'yanmu da suke jiran buɗi, ka ba waɗanda suka samu zuciyar tawali'u da hannun bayarwa. Ka sa iliminmu ya zama albarka ga dukan mutanen ƙasarmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.